WAI KARATUN CIYAWA NA ZO YI IBADAN

Rubutun da ɗan tsayi, a yi haƙuri.

Jiya bayan sallar isha'i wani ƙanenmu ɗan aji ɗaya ya tambaye ni me nake karanta. Na ce mastas nake yi a kan abincin dabbobi: harawa, kara da ciyawa. Sai ya kwashe da dariya ya ce, "Haba yaya, tun daga Jigawa har Ibadan don ciyawa?" Ban ji haushi ba, don ni ma a shekarar farko in aka tambaye ni sai in ce "Agronomi" in ja bakina, kada a tona. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin yadda harawa ta kusa mayar da ni gida hannu rabbana.

Ga aikin a taƙaice. Saniya da tunkiya suna da wasu ƙwayoyin halitta a tumbinsu, su ke narkar musu da ciyawa. In furotin ɗin abinci bai kai wajen kashi 7 cikin 100 ba, waɗannan ƙwayoyi ba sa aiki sosai. Busasshen karan dawa ko na masara kuwa da ƙyar yake wuce kashi 3 zuwa 5. Gamba ma, da take da kyau tana ɗanya, in ta tsufa ta bushe ƙasa take yi sosai. Shi ya sa da rani za ka ga saniya ta wuni tana ci amma tana ramewa. Harawar wake mai kyau kan kai kashi 12 zuwa 15, wani lokaci fiye, don wake da gyaɗa da lablab suna da ƙulli-ƙulli a saiwa inda ake kama naitirojin daga iska. Tambayata ita ce: yaushe ya fi dacewa a yanke wake da lablab don a samu harawa mai ƙarfi da za a haɗa da kara?

Na shuka a watan Afrilu, da niyyar yanka sau uku: lokacin fure, lokacin da aka fara 'ya'ya, da bayan an tsinke wake. Ƙa'ida ita ce da ka yanka ka auna, ka sa a na'urar busarwa a kan zafin digiri 60 na kwana biyu zuwa uku. Ranar yankan farko na tarar da layi a na'urar, samfurorin wasu ɗalibai sun cika ta. Dattijon da ke kula da ɗakin gwaji ya ce in bari sai jibi in yanka. Ni kuwa na ce a raina, ni da na tashi ina ɗora harawa a kan rufin soro tun ina firamare, ni za a koya wa shanya? Na yanke abina, na baza a barandar hostal.

Jama'a, Ibadan ba Jigawa ba ce. A gida muna yankan harawa ne bayan ruwa ya ɗauke, iska a bushe, kwana kaɗan ta yi ƙarau. Nan kuwa ƙarshen Yuni ne, ko ba a yi ruwa ba iskar kanta a jiƙe take. Kwana uku na ɗaga, ƙasan ya yi baƙi, fumfuna ta kama, wari ya tashi. Shuka kuma ba ta komawa baya, furen ya wuce. In babu yankan farko babu abin da zan kwatanta sauran biyun da shi. Malamata ta dubi samfurin, ba ta yi faɗa ba. Ta ce in jira ruwan ƙarshen shekara in sake shuka a Satumba. Ma'ana ƙarin zango, ƙarin kuɗin makaranta, ƙarin kuɗin ɗaki.

Sai da na yi kwana biyar kafin na iya kiran Baba. Na yi ta kwana-kwana, daga ƙarshe na faɗa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Da ruwa a sama ka yanka?" Na ce e. Ya ce, "To kai da ka je neman ilimi, me ya hana ka tambayi mutanen garin yadda ƙasarsu take?" Wallahi na gwammace ya zage ni.

Bai tsaya nan ba. Ya ce in na sake, in kula da abu biyu. Kada in bari ganye ya fara zuba kafin in yanka, don harawa ganye ce, sauran tsinke ne. In kuma ta bushe, da sassafe ake ɗaure ta tana da sanyin raɓa, ba da rana tsaka ba, in ba haka ba ganyen ya karkaɗe a ƙasa ka tafi gida da igiya. Na rubuta a bayan littafin gwaji, don kawai na ji nauyinsa.

Na sake shuka a Satumba. Wannan karon sai da na sa sunana a layin na'ura kafin na taɓa lauje. Na ware ganye daban, tsinke daban, na niƙa, na auna naitirojin, na ninka da 6.25 kamar yadda ake fitar da furotin. Da sakamako ya fito, furotin ɗin ganye ya kusa ninka na tsinke. Yankan ƙarshe, wanda ganyensa ya fi zuba, shi ne mafi rauni. Lablab kuma ya riƙe ganyensa kore bayan wake ya bushe. Wata uku ina shaƙar asid don in tabbatar da abin da tsoho ya gaya min a minti biyu da ƙaramar waya.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, ban ce bincike banza ne ba. Baba ya san ganye ya fi, amma awo ne zai nuna harawa nawa za a haɗa da kara nawa don ɗan abin da ke kan rufi ya kai damina, da kuma wane iri ne ke ba da wake da harawa tare. Irin wannan aikin ake yi a IITA, wadda aka kafa a nan Ibadan a 1967 kuma take da reshe a Kano, da kuma NAPRI ta Shika kusa da Zariya. Nijeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, Nijar na biye. Duk buhun wake da aka cika, akwai harawarsa da ko dai ta shiga cikin dabba ko ta lalace a gona. Kuma mu da ke zaune a Kudu mun san irin kallon da ake mana duk lokacin da aka ce shanu sun shiga gonar wani. Ba abinci kaɗai ne tushen rikicin ba, amma dabbar da ta ƙoshi a gida ba ta da dalilin yawo.

Sai da na je hutu ƙanwata ta gaya min inda kuɗin ƙarin zangon ya fito. Harawar da Baba ya tanadar wa shanun huɗarsa ya sauke ya sayar da bazara, lokacin da take tsada. Shanun suka shiga damina a rame, huɗar da yake yi a kwana huɗu ta kai shi mako. Bai taɓa ɗaga min maganar ba.

Don haka ƙannena, abu biyu. In kun zo Kudu ku tambayi mutanen wurin, ko mai share gona ne, ya san abin da ba ya cikin littafinku. Sannan kada ka ji kunyar abin da kake karanta, musamman in shi ya biya maka kuɗin makaranta.

Wata mai zuwa zan kare aikina in sha Allah, a sa ni a addu'a. Ƙanen nan kuma na ce ya zo gonar gwaji ranar Asabar, akwai buhuna da za a ɗauka.