Kuɗin Shago Ba Kuɗin Mai Shago Ba Ne



Ni ban shiga jami'a ba. Difloma na yi a fannin akanta, a wata ƙaramar kwalejin kasuwanci mai ajujuwa kaɗan, inda malami ɗaya kan ɗauki darasi uku. Abokaina da suka samu gurbi a BUK da ABU suna ce mata makarantar je-ka-na-yi-ka. Amma a nan na koyi abin da ya tsayar da shagon mahaifina da ƙafafunsa.

Darasin farko shi ne: kasuwanci daban, mai shi daban. Ko naira ɗari ka ɗauka daga aljihun shago don cefane, sai an rubuta. Na biyu kuwa, duk kuɗin da ya motsa a rubuta shi sau biyu, inda ya fito da inda ya shiga. Wannan tsari tsoho ne, tun 1494 wani ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya bayyana shi a littafi. Idan ɓangarorin biyu ba su zo daidai ba, ba ka tashi sai ka gano inda matsalar take.

Baba yana sayar da atamfa a Kantin Kwari, lissafinsa duk a ka yake. Kullum ana ciniki, amma kaya sai raguwa suke a kanta. Na roƙe shi ya bar ni in riƙa rubutawa na wata uku. Ya ce, "To akawu, bismilla."

Da na haɗa lissafin, babu ɓarawo. Cefane, gudummawar biki, kuɗin makarantar ƙanne da bashin da ake jin nauyin tambaya, su suka cinye riba har suka fara taɓa uwar kuɗi. Faɗa wa mahaifi haka ya fi kowace jarrabawa wuya. Na ajiye masa littafin, na ce, "Baba, ka duba in ka samu sarari." Bayan kwana biyu ya yanka wa kansa abin da zai riƙa ɗauka duk mako, ya sa aka buɗe littafin bashi.

Ga ƙannenmu da ba su samu jami'a ba, ƙanƙantar makaranta ba aibi ba ce. Amma kafin ku biya ko sisi, ku tabbatar hukumar NBTE da ke Kaduna ta amince da kwas ɗin, don kada ku ƙare da takardar da ba ta aiki. Sannan ICAN tana da jarrabawar ATS mai matakai uku, wadda ake shiga da sakamakon sakandare. A can abin da ka rubuta ake dubawa, ba girman ƙofar makarantarku ba.

Wanda kuma ke da sana'a, ko ta sayar da kati ce, ya sayi littafi yau ya raba aljihunsa da na sana'ar.

Allah Ya sa wa nemanmu albarka.