Daga Gyaran Na'ura Zuwa Riƙon Ragama

A kowace ma'aikata akwai wanda ba a tunawa da shi sai intanet ta ɗauke. A wata ma'aikata da ke Maraɗi, wata injiniya ce ke riƙe da wannan matsayi. Ta shafe shekaru tana haɗa wayoyi, tana kula da uwar garke, tana ceto bayanan da wasu suka goge bisa kuskure. Hannunta ya ƙware, amma idan an zauna taron kasafin kuɗi ba a kiranta. Waɗanda ba su taɓa buɗe cikin kwamfuta ba su ne ke yanke shawarar abin da za a saya, ita kuwa a miƙo mata ta girka.

Abubuwa biyu ne suka sa ta fara tunanin komawa makaranta. Ranar 14 ga Maris 2024, manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku, wato WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sadarwa ta rikice a ƙasashe da dama. Nijar ba ta da teku, don haka intanet ɗinta takan ratso ƙasashen maƙwabta kafin ta iso. Ranar 19 ga Yuli kuma, wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin CrowdStrike ya tsayar da kwamfutoci masu aiki da Windows kimanin miliyan 8.5, har jiragen sama da bankuna suka tsaya cik.

Ta lura cewa duka biyun sun tayar da tambayoyin da gwanintar hannu ba ta amsawa. Wa ya amince a dogara da hanyar sadarwa guda ɗaya? Wa ya bari a sabunta dukkan na'urori lokaci guda, ba tare da an gwada a kan 'yan kaɗan ba tukuna? Masu amsa irin waɗannan tambayoyi su ne masu sa hannu a kwangila, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan giɓi ne digiri na biyu a fannin tafiyar da tsarin kwamfuta yake ƙoƙarin cikewa. A tsarin da jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci suke bi, bayan shekara 3 ta digirin farko sai a ƙara 2. Ɗalibi yakan koyi tsara kasafi, da auna haɗari, da tsaron bayanai bisa ma'aunin ISO 27001, da hanyoyin gudanar da hidima irin su ITIL. Yakan koyi lissafin asarar da ma'aikata za ta yi a kowace sa'a idan tsari ya tsaya, domin da wannan lissafin ake shawo kan shugaban da ke ganin sayen janareta na biyu almubazzaranci ne. Yakan kuma koyi jagorantar mutane. Tun a 1975 Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin manhajar OS/360 a kamfanin IBM, ya nuna cewa ƙara ma'aikata a aikin manhajar da ya makara yakan ƙara masa jinkiri, saboda sai tsofaffi sun bar aikinsu sun koyar da sababbi.

Makarantu ba su yi ƙaranci ba. Akwai cibiyar IAI da ƙasashen Afirka suka kafa a Libreville a 1971, akwai kuma reshen Jami'ar Carnegie Mellon da ke Kigali tun 2011. Abin da ya yi mata nauyi shi ne farashin tafiyar: shekara 2 ba albashi, ga ƙanne biyu da take biya wa kuɗin makaranta.

Da ta kai maganar gaban kawunta, sai ya ce, "'Yata, aikin da kike da shi a hannu wasu nema suke yi. Me ya rage miki?"

Ta ce, "Kawu, na iya gyara ɓarna. Ina son a riƙa jin maganata tun kafin a yi ta."

Ya yi shiru, sannan ya ce zai ɗauki nauyin ƙaramin ƙanenta har ta gama.

Ta san takardar shaida ba za ta ba ta kujera a ɗakin taro nan take ba. Ta kuma san haɗarin da ke jiran injiniyan da ya zama manaja: hannu yakan yi tsatsa, har yaran da ke ƙarƙashinsa su gane bai san aikin yau ba. Saboda haka ta zaɓi karatun da zai sa ta yi bincikenta na ƙarshe a kan matsala ta zahiri, wato yadda ƙaramar ma'aikata a ƙasar da ba ta da teku za ta ci gaba da aiki idan wayar da take dogara da ita ta yanke.