Amanar Kifin Falo

Ƙaramar Sallar 2023 ta faɗo ranar Juma'a, 21 ga Afrilu, a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kano kan kai maki 40 da rana tsaka. Tun ranar Laraba muka ɗaure kaya za mu Haɗeja wurin mahaifiyata, da niyyar yin kwana tara. An kwashe abin da ke firiji, an rufe tukunyar gas, kajin uwargida an miƙa su maƙwabta. Abin da ya gagare mu shi ne akwatin gilashin da ke falo, mai cin ruwa lita 60, da kifin ado biyar a ciki.

A lokacin wata takwas ke nan da na sayo su a Sabon Gari, saboda rigimar autarmu. Jajayen nan ne masu baza wutsiya, irin waɗanda mutanen Sin suka fara kiwo don ado tun shekaru aru-aru. Don yarinya aka saya, amma ni na ƙare a gabansu kullum bayan sallar isha'i, ina kallo kamar mai kallon talabijin.

Daren da za mu tafi uwargida ta tuna mini da hadisin matar nan da ta kulle kyanwa har yunwa ta kashe ta. Maganar ta shige ni. Da sassafe na kira ɗan maƙwabcina, yaro mai natsuwa ɗan aji biyu a babbar sakandare, na ba shi makullin falo da sabuwar robar abincin kifi, ko buɗe ta ba a yi ba.

Na ce, "Ɗana, amana ce na ba ka. Ko me za ka yi, kada ka bar su da yunwa."

Ya ce, "In sha Allahu, Baba, ba za ka ji komai ba."

Iyakar abin da na faɗa masa ke nan. Ban nuna masa awo ba, ban ce sau nawa ba.

Aka sha Sallah lafiya, aka kalli hawa. Rana ta shida ina zaune a zaure sai ga wayarsa, murya na rawa. Wai biyu sun juya ciki sama, sauran kuma sun taru a saman ruwa suna ta buɗe baki. "Wallahi Baba, ina ba su. Sau huɗu nake ba su a rana, jiya ma har biyar, amma yunwar ba ta sake su ba." Ni ma a lokacin ban san abin da ke faruwa ba. Na dai katse hutun, muka kamo hanya washegari.

Tun daga ƙofar falo wari ya tare ni. Ruwan ya yi fari-fari kamar an wanke shinkafa a ciki, abinci ya kwanta a kan tsakuwa ya yi gashi. Robar da takan yi mini wata uku saura kaɗan a gindinta. Na uku ya mutu da asuba. Injin iska shiru, don unguwar ta kwana biyu babu wuta, ga tagogi a rufe, falon kamar tanda.

Na ɗebi ruwan a gora na nufi wurin mutumin da ya sayar mini da su. Ko sunsunawa bai yi ba, ya ce, "Alhaji, ƙoshi ne ya kashe su." Ya zaunar da ni a kan benci ya yi mini karatun da ya kamata in nema tun ranar farko. Lafiyayyen babban kifi yana yin mako guda bai ci komai ba, kuma ba abin da zai same shi. Abincin da ya yi saura kuwa ruɓewa yake, shi da kashin kifin su saki wani sinadari mai guba, amoniya, wanda ke ƙona matattarar numfashinsu. Akwai ƙwayoyin halitta a cikin soson matatar ruwa da ke cinye gubar, amma su ma sai ruwa na gudana suke aiki. In wuta ta ɗauke, aikinsu ya tsaya. Ga shi ruwa in ya yi ɗumi iskar da ke cikinsa raguwa take, ruɓar abincin kuma ta ƙara shanye ɗan abin da ya rage.

Nan ne jikina ya yi sanyi. Ashe buɗe bakin da suke yi a saman ruwa iska suke nema. Yaron nan ya tsaya a gabansu, ya ga baki a buɗe, ya tuna amanar da na ɗora masa, ya ƙara zuba musu abin da ke shaƙe su. Mu da aka raina a kan cewa baƙo ba ya tashi sai an ce ya ƙara, ina yaron zai san akwai halittar da ƙari ke kashewa? Ya zo da yamma da mahaifinsa za su ba ni haƙuri, kansa a ƙasa. Na ce su bar maganar, laifin na mai bayar da umarni ne. Har ma kifi biyar irin waɗannan sun yi wa lita 60 yawa tun farko, wannan ma ni na jawo.

Biyun da suka rage sun farfaɗo bayan na yi kwanaki ina sauya ruwan kaɗan-kaɗan.

Da Babbar Sallah ta zo, ranar 28 ga Yuni, mun sake tafiya, wannan karon kwana shida. Saura kwana biyu mu tafi na kwashe rubu'in ruwan na zuba wanda ya kwana a bokiti a buɗe, na zuƙe dattin tsakuwa da tiyo, na matse soson a cikin tsohon ruwan akwatin don kada in kashe ƙwayoyin nan. Na janye akwatin daga bakin taga, na sayi ƙaramin injin iska mai batir. Abinci kuwa ƙulli biyu na yi a takarda, kowanne bai wuce abin da yatsu biyu za su tsunkura ba, na rubuta rana a jiki. Robar na kulle ta a durowa na tafi da makullin.

Yaron dai na sake kira. Ya yi ta noƙewa, sai da mahaifinsa ya sa baki. Na ce masa in ya ga sun taso suna buɗe baki, ya kunna injin batir, ya buɗe taga, ya kira ni, kada ya zuba komai.

Muka dawo muka tarar da ruwa garau, kifi biyu na kai da komo. Ƙulli ɗaya ma yana kan tebur bai taɓa ba. Ya ce tsoro ya ji.