Minti Biyun Martani

A zauren taron wata makarantar sakandare a Kano, wata ɗaliba ta miƙe ta gai da shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci, sannan ta shiga kare matsayin cewa amfanin ƙirƙirarriyar basira ga ɗalibi ya fi illarta. Abokin karawarta ya tashi da nasa jawabin, shi ma tsaf, yana cewa na'ura za ta kashe tunani, ta mayar da satar amsa sana'a. Sai bayan an watse malamin ƙungiyar muhawara ya gano cewa jawaban biyu duk daga ChatGPT suka fito. Har wanda ya soki na'urar, ita ta rubuta masa sukar.

Matsalar ta girmi manhajar, wadda ta fito a Nuwamba 2022. Tun da daɗewa muhawarar makarantu ta koma hadda: malami ko yaya ya rubuta, ɗalibi ya haddace, alƙalai su ba da maki a kan lafazi da tsayuwa. Abin da ya sauya shi ne marubucin, kuma sabon marubucin ba ya gajiya, ba ya damuwa da ɓangaren da aka ba shi.

Hanawa ma an gwada. Makarantun gwamnati na birnin New York sun toshe ChatGPT a Janairu 2023, suka janye matakin a watan Mayu na shekarar.

Wata karawa da aka yi a San Francisco a Fabrairu 2019 ta nuna inda mafita take. Na'urar Project Debater ta kamfanin IBM ta fafata da gwanin muhawara Harish Natarajan a kan ko ya dace gwamnati ta tallafa wa makarantun renon yara da kuɗi. An ba kowanne minti 15 ya shirya. Masu sauraro sun ce na'urar ta fi ƙara musu ilimi, amma Natarajan ne ya fi sauya musu ra'ayi, shi ya yi nasara. Ya saurari hujjar abokiyar karawarsa, ya nemo inda take da rauni, ya matsa a wurin.

Wannan shi ne aikin martani, minti biyun da makarantu ke ajiyewa a ƙarshe kamar gyara kayanka, alhali nan ne hadda ba ta ceton kowa. Malamin ya sake tsarinsa: sai an shiga zaure ake jefa ƙuri'ar ɓangare, an rage jawabin buɗewa, an mayar da rabin maki kan martani da tambayoyin alƙalai. Bai hana ɗalibai bincike da manhajar a gida ba.

A karawa ta gaba ɗalibar ta faɗa ɓangaren adawa. Ta yi in'ina, ta sha gyaran murya, amma da aka tambaye ta yadda ɗalibin da ba shi da kuɗin data zai yi gogayya da mai shi, amsar da ta bayar tata ce.