Kujerar Ƙarshen Sahu

A wani masallacin unguwa da ke Takur, cikin Dutse, akwai kujerun roba uku da ake jinginewa a bango. Idan an ta da iƙama sai yara su jawo su zuwa ƙarshen sahu domin dattawan da tsayuwa da sujada suka gagara. Shekara biyu da suka wuce, ta ukun ta zama ta wani tsohon ma'aikacin gwamnati, ɗaya daga cikin waɗanda suka taso daga Kano a 1991, lokacin da aka ƙirƙiri Jigawa aka mai da Dutse babban birninta. Ya san shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, kuma ba wanda ya taɓa yi masa kallon banza. Duk da haka, kullum ya ga goshin jama'a ya taɓa ƙasa shi kuwa yana rusunawa a kan roba, sai ya ji wani abu ya tokare masa ƙirji.

Abin ya faro ne daga alwala. Ya ɗaga ƙafar dama zai wanke a banɗaki mai tayil, ta hagu ta kasa riƙe shi, ya zube. Bai karye ba, amma tsoro ya shige shi. Ya rage fita, ya daina tsuguno, ya koma sa wando a zaune. Da motsi ya ragu sai cinyoyi suka ƙara saki, da suka saki sai tsoron ya ƙaru. Likitocin gashi sun san wannan zagayen sarai, domin shi ke kwantar da tsofaffin da ba wata babbar cuta a jikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki.

Mahaifiyarsa, a wani ƙauye ta wajen Kiyawa, ta kai tsufa tana ɗaukar tulu a kan gammo, tana bin kunya-kunya a gona, tana tsugunawa gaban murhu ta miƙe ba tare da ta dafa komai ba. Ba ta san kalmar motsa jiki ba, rayuwar ce ke horar da ƙafafunta kullum. Ɗanta kuwa ya yi shekara talatin da ɗoriya tsakanin kujerar ofis, kujerar mota da kujerar falo. Birnin da ke kewaye da duwatsu ya tara ma'aikatan da ba su taɓa hawa ko ɗaya daga cikinsu ba.

'Yarsa ce ta turo masa bidiyo ta WhatsApp: wasu tsofaffin 'yan ƙasar Sin a wani lambu da sassafe, suna motsi a hankali kamar masu tafiya cikin ruwa. Ya kira ta yana dariya.

"Ke yanzu rawa za ki sa ni da furfurata?"

"Baba, ba rawa ba ce. Ka dubi ƙafafunsu, ka bar hannayen."

Shawararta na kan hanya, domin hannaye ne ke ɗaukar ido amma a ƙafa aikin yake. Mai yin tai chi yakan ɗan lanƙwasa gwiwa, ya tattara nauyinsa kacokan a kan ƙafa ɗaya, ya ɗaga ɗayar ya ajiye diddige, sannan ya riƙa zuba nauyin a kanta kaɗan-kaɗan kamar mai juye mai daga kwalba zuwa kwalba. Wanda ke sauri yana iya ɓoye raunin ƙafarsa, saboda saurin ne ke wucewa da shi. Wanda ke tafiya a hankali ba shi da wurin ɓuya, dole cinya ta ɗauki kayan, dole jijiyoyin tafin ƙafa da na idon sawu su riƙa sanar da ƙwaƙwalwa inda jiki yake. Wannan saƙon, tare da na ido da na cikin kunne, shi ke tsayar da mutum, kuma yakan dusashe da tsufa idan ba a aiki da shi.

Asalin tai chi dabarar faɗa ce. Ana danganta shi da ƙauyen Chenjiagou na lardin Henan tun ƙarni na 17. A 1956 hukumomin wasanni na Sin suka taƙaita shi zuwa motsi 24 domin kowa ya iya, a 2020 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada. Qigong, wanda ake furtawa kamar cigung, ya girme shi kuma ya fi shi sauƙi. Mafi shaharar nau'insa, baduanjin, motsi takwas ne kacal da ake yi a tsaye wuri guda, ana haɗa kowanne da jan numfashi da sakinsa a hankali. Da shi dattijon ya fara, a tsakar gida bayan asuba, hannu ɗaya kusa da bango.

Kafin nan sai da ya tsaya ya yi tambayar da duk mai kishin addininsa zai yi: shin babu wani tsafi a ciki? Gaskiya ne cewa malaman wannan fanni a Sin suna bayani da wani abu da suke kira qi, wani ƙarfi da suka ce yana zagaya jiki, kuma akwai falsafar Tao a bayan kalmominsu. Kimiyya ba ta auna qi ba. Abin da ta auna shi ne sau nawa tsoho ya faɗi, kuma asibitocin da ke koyar da motsin ba sa neman kowa ya gaskata komai. Ya ɗauki lanƙwasa gwiwa da numfashi, ya bar musu falsafarsu. Bai kuma yarda da masu cewa ai salla ma motsa jiki ce ba. A wurinsa salla ibada ce, wannan kuwa gyaran abin hawa ne domin a isa wurin ibadar.

Alƙaluman da aka samu ba na wasa ba ne. A 1996 aka wallafa wani bincike da aka yi a Atlanta ta Amurka kan mutum 200 masu shekara 70 zuwa sama, inda horon mako 15 ya rage haɗarin yawan faɗuwa da kusan rabi. Wani da aka yi a Oregon, ya fito a 2018, ya bi tsofaffi 670 na wata shida: masu tai chi sun faɗi ƙasa da masu miƙe gaɓoɓi kawai da kashi 58 cikin ɗari. A Boston, a 2016, an gwada shi da gashin asibiti kan mutum 204 masu ciwon gwiwa na zaizayar guringuntsi, sakamakon ya zo kusan kunnen doki. Kan hawan jini ma akwai labari, ko da yake ya fi ƙanƙanta: a wani gwaji na shekara guda a Sin kan mutum 342 da jininsu ya fara hawa, lambar sama ta sauka da kusan 7 ga masu tai chi, da kusan 4 da rabi ga masu sassarfa da keke. Maki bakwai taimako ne, amma ba ya maye gurbin ƙwaya, kuma dattijon bai ajiye tasa ba.

Akwai abin da ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye. Mutanen waɗancan gwaje-gwajen suna da malami a gabansu. Shi waya ce malaminsa, kuma waya ba ta cewa gwiwarka ta karkace. A mako na uku ya lanƙwasa fiye da ƙima, gwiwar ta kumbura, ya yi kwana biyar yana ɗingishi Hajiya na yi masa tsiya. Sai da wani likitan gashi ya nuna masa cewa gwiwa ta bi saitin yatsun ƙafa, kuma ya tsaya inda zafi ya fara, sannan abin ya daidaita. Ya ci gaba, minti goma sha biyar, wani lokaci ashirin. Jikokinsa sun yi dariya har suka gaji, ƙaramar cikinsu ta koma tsayawa bayansa tana kwaikwayo.

Bayan wata huɗu ya lura ya sa wando a tsaye bai sani ba. A na shida ya yi sallar magariba gaba ɗaya a cikin sahu, ya miƙe daga sujada da dafa ƙasa da hannu biyu, yana nishi. Gwiwar ba ta warke ba, guringuntsin da ya zaizaye ba ya dawowa, kuma a sanyin hunturu takan tuna masa da kanta. A azumin da ya wuce ya yi raka'a huɗu na asham a tsaye, sauran ya ƙarasa a kan kujera, wadda har yanzu yaron maƙwabta ke jawo masa kusa ko da bai nema ba.