Gurbin Da Babu A Cikin Kwamfuta

Ku yi mini afuwa, wannan makon ban zo da ci gaban labari ba, wani abu ne da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya nake so in amayar ko na samu sauƙi.

Da yawanku da littafi kuka san ni, amma kun ga yadda kasuwar ta koma tun da waya ta shiga hannun kowa. Babbar ribar da rubutu ya bar mini ita ce iya kwamfuta, don tun ina kai rubutun hannuna shagon buga takardu ana cika mini shi da kurakurai na yi zuciya na koyi bugawa da kaina. Da wannan ɗan ilmin da takardar sakandare na samu aikin akawu a wani kamfanin hatsi a Kaduna. Kamfanin yana da sito-sito a ƙauyukan gabashin Birnin Gwari inda Allah Ya yi wa ƙasa albarkar masara, ɗaya daga ciki a Tabanni yake. Aikina shi ne haɗa albashin ma'aikata duk ƙarshen wata.

Aikin ba shi da wahala in ka saba. Kowane ma'aikaci yana da layinsa a cikin manhajar lissafi: suna, lamba, asusun banki da albashi. Ranar 25 ga wata rijistar kowane sito za ta iso, in shigar da kwanakin da mutum ya yi aiki, ita kuma kwamfuta ta cire abin cirewa ta fitar da takardar albashi, wadda ma'aikatanmu ke ce wa silif. Akwai fansho, kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, kashi 10 daga kamfani, kamar yadda dokar 2014 ta tanada. Akwai haraji, sai kuma adibas ga wanda ya ci bashi tsakiyar wata.

Lamba 17 ita ce ta Baba Maigadi na siton Tabanni. Naira 30,000 yake ɗauka, mafi ƙarancin albashi ke nan a lokacin, don haka babu haraji a kansa, tunda daga 2021 doka ta ɗauke wa masu irin wannan albashi. A cire 2,400 na fansho, a cire 3,000 na adibas ɗin taki da yake biya a hankali, saura 24,600. Sau ɗaya na taɓa ganinsa ido da ido, amma wannan lissafin ko daga barci aka tashe ni zan kawo shi.

A ƙarshen Satumba 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar saboda 'yan bindiga, har da Birnin Gwari, bayan an riga an dakatar da kasuwannin mako-mako. Muka koma zamanin da, saƙo sai a bakin direba. Da rijistar Oktoba ta iso sai na ga daga 6 ga wata babu sa hannun Baba ko ɗaya. Na tambayi direban da ya kawo, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai Malama Baba yana hannun mutanen daji. A hanyar gona suka tare su, yau kwana goma sha tara."

Na yi salati na koma kan kujera. Mai karatu, a manhajar nan gurbi biyar ne a gaban sunan kowa: yana aiki, yana hutu, ba shi da lafiya, ya bar aiki, ya rasu. Waɗanda suka ƙirƙire ta can ƙasarsu ba su taɓa zaton akwai inda ake ɗauke mutum da fartanyarsa a shige da shi daji ba. Da na shigar da kwana biyar ɗin da ya yi, nan take ta fitar da lissafin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba bayan an cire adibas.

Na je wa akantanmu da maganar, ya ce, "Malama, abin da rijista ta nuna shi za ki sa. Mu ba mu da hurumin tausayi da kuɗin wani." Raina ya ɓaci matuƙa, na fito ina cewa a zuci wannan mutum ba shi da imani. Alhaji mai kamfanin kuma ya yi tafiya Kano, sai bayan kwana biyu zai dawo.

Ba zan ɓoye muku ba, da aka tashi aiki na tsaya ni kaɗai na cike wa Baba kwana 31 cif, na danna "yana aiki". Babu wanda zai gane. Na tafi gida ina jin na yi abin kirki, amma wallahi daren nan barci ya ƙaurace mini. Na tuna yadda ake ta fama da ma'aikatan bogi a ƙasar nan, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta kawo tsarin IPPIS a 2007, ya kuma sa aka yi ta jera ma'aikatan Kaduna a layin tantancewa a 2015, tsofaffi da masu ciki cikin rana. Kowane sunan bogi wani akawu ne kamar ni ya zauna shi kaɗai ya danna, kuma na tabbata ba duka ne suka fara da mugunta ba. Wani marayu ya tausaya wa ya bar sunan ubansu, daga nan hannu ya saba. Barna ƙanƙanuwa take farawa. Da sassafe na je na goge abin da na sa.

Ranar da Alhaji ya dawo har gida na bi shi, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, kwamfuta ta ce kada a biya Baba Maigadi, ni kuma hannuna ya ƙi." Ya yi shiru ya jima, sannan ya ce, "Ita kwamfutar ba a ƙara mata layi ne?" Na ce ana ƙarawa. Ya ce to a ƙara. A nan akanta ya kawo tambayar da ta sa na daina ganin baƙinsa: har zuwa yaushe za a biya? Wata uku? Shekara? In an ɗauki mutum biyar fa? Aka tsayar da magana a rubuce: wata uku cikakken albashi, wata uku rabi, daga nan a rufe. Ni na raɗa wa gurbin suna, na sa masa "hutun dole".

Sai kuma wata sabuwa. Kuɗin asusun Baba zai shiga, lambar sirrin katin tana kansa, masu POS ɗin yankin kuma duk sun naɗe tabarma tunda babu sabis. Ashe duk wayewar nan zaren waya ɗaya ne ke riƙe da ita. Dole muka koma ambulan. Na ƙirga 24,600 na haɗa da silif biyu na ba direba. Bayan mako guda ɗaya ya dawo mini da dangwalen babban yatsan Inna, matar Baba, da shuɗin tawadar biro da aka fasa. Direban ya ce ta ce a gaya wa "yarinyar ofis" Allah Ya rufa mata asiri yadda ta rufa musu.

Baba ya kwana 52 a daji. Sai da iyalinsa suka sayar da masarar shekara da shanun huɗa biyu kafin aka sako shi, a daidai lokacin da aka maido da sabis a ƙarshen Nuwamba. Da ya ji ƙarfi ya zo Kaduna, ya rame kamar kara, ya fito da silif ɗin daga cikin leda ya ce, "'Yar nan, karanta mini, me aka rubuta a nan?" Na ce hutun dole. Ya yi dariya har da tari ya ce, "Hutu! Allah Ya raba ki da irin wannan hutu."

Da a littafina ne da nan zan sa "alhamdu lillahi, ƙarshe". To amma rayuwa ba ni ke riƙe da alƙalaminta ba. A 2022 aka tare motarmu a hanyar Birnin Gwari zuwa Funtuwa aka tafi da yaron mota, lamba 26, saurayi ne da bai fi wata huɗu da aure ba. Aka biya wata uku cikakke, aka biya uku rabi. Ba waya, ba gawa, ba wanda ya ce ya gan shi. Da wa'adi ya cika dole in rufe layinsa, manhaja kuma ba ta rufe layi sai an zaɓi dalili. In ce ya rasu? Ba a yi masa salla ba, mahaifiyarsa har lokacin tana ajiye masa tuwo. Na daɗe ina kallon allon, daga ƙarshe na danna "ya bar aiki".

Kun ji abin da ke damuna. Na ƙi yin ƙarya don Baba ya samu abinci, ga shi na yi wadda ta fi ta ciwo a kan yaron da bai bar aikinsa ba, raba shi aka yi da shi. Na tambayi wani malami, ya ce babu laifi a kaina tunda ban ci haƙƙin kowa ba. Na yarda da fatawarsa, zuciya ce dai ta ƙi kwanciya.

A Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka yi sulhu, aka buɗe kasuwar shanu da ta yi shekaru a rufe. Bayan nan akanta ya ce in goge gurbin hutun dole tunda ƙura ta lafa. Na ce masa a bar shi tukuna. Lamba 26 ma ban ba kowa ba, sabon yaron mota 31 na sa masa.

Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa yaron nan a addu'a. In yana raye Allah Ya bayyana shi, in ya riga mu gidan gaskiya Allah Ya jiƙansa. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu ɗora daga inda muka tsaya a labarinmu.

Taku har kullum.