Rabin Ajin da Rumbu Ya Riƙe

A ƙauyenmu, can tsakanin Karaye da Rogo, yaro ba ya ganin allon bango sai ya kai shekara shida ko bakwai. Kafin nan allon malam ne da safe, sauran yini kuma yana bin yayyensa gona ko fadamar rake. Tun 2013 tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi shekara guda ta share fage kafin firamare, amma firamarenmu ɗakunanta ba su ishi manya ba, balle a ware wa ƙanana. Makarantun kuɗi kuwa suna cikin gari, kuɗin acaɓa kaɗai ya fi ƙarfin manomi.

Ƙungiyar samarin garinmu ce ta ɗauki maganar. Ina wurin daren da muka zauna a ƙofar gidan Mai Unguwa bayan isha'i, gardama ta yi zafi. Yawancinmu muna son a buɗe rabin aji kyauta, saboda Allah. Wani dattijo da ya daɗe yana saurare ya gyara zama ya ce, "'Ya'yana, niyyarku mai kyau ce. Amma abin da ba shi da rumbu ba ya ganin damina biyu. Malamar da za ku ɗauka, da me za ta ɗora tukunya?" Aka yi tsit.

A nan aka yanke. Ba za a karɓi kuɗin wata ba, sai dai da kaka kowane uba ya auno masara ko dawa gwargwadon ƙarfinsa. Maraya ba a tambayarsa ko ƙwaya. Mai Unguwa ya ba da aron gona, muka riƙa noma ta da gayya. Hatsin a zuba a rumbu, a jira ya yi daraja da bazara, a kai kasuwa, daga ciki a biya malama duk wata.

Malamar matar aure ce mai takardar NCE, da ke zaune a gida ba aiki. Zauren wani bawan Allah ta samu, da tabarmi da randa. Ba ta da kayan wasa na kanti. Da 'ya'yan tsamiya take koyar da ƙirga, kowane yaro da tsibinsa a gabansa, sai ta ce, "Ba wa ƙanwarka biyu, saura nawa?" Baƙaƙe kuma a rairayi ake zana su da tsinke kafin a taɓa fensir, kuma da Hausa take komai. Akwai wata yarinya da kullum take zuwa da goyon ƙaninta, don uwarta na wurin dafa mazarƙwaila. Malama ba ta kore ta ba. Ta shimfiɗa wa jaririn zane a gefe, yarinyar na jijjiga shi da hannu ɗaya, tana zana "ba" da ɗayan. Kafin shekara ta zagayo ta iya rubuta sunanta.

Hikimar dattijon ta fito fili a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace a hannun mutane. Iyaye a gari suka rasa abin biyan makaranta. Mu kuwa muka buɗe rumbu muka auna wa malama hatsinta, ba a fasa karatu ba.

Sai dai har yau abin da muke ba ta bai kai rabin wahalarta ba, kuma yara sun fi ƙarfin zaure ɗaya. Tunda gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024, roƙona ga hukumar SUBEB da masarautar Karaye shi ne su leƙo irin waɗannan zauruka, su horar da malaman, su tallafa da ɗaki da littattafai. Hatsin dai mu za mu ci gaba da aunawa.